Sirrin Majiyyaci a Kasuwar Talla

Abu biyu suka yi wa Jos suna tun zamanin Turawa: kuza da asibiti. Kasuwar kuza ta ja baya, amma har gobe jama'a suna tahowa daga Bauchi da Nasarawa da kudancin Kaduna zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ko kuma Jankwano, wanda ya shahara wajen yi wa mata aikin yoyon fitsari. Kowane majiyyaci yakan bar sunansa da lambar wayarsa da bayanin ciwonsa. A da, waɗannan suna kwance cikin fayil a kabad. Yanzu aikin lafiya ko'ina yana komawa kwamfuta da intanet, kuma a can bayanin ciwo haja ne mai farashi.

Ga yadda abin yake. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, yana bai wa masu shafuna wata 'yar manhaja kyauta, mai suna Meta Pixel, don su auna ko tallarsu tana kai wa ga jama'a. Duk wanda ya buɗe shafin da aka dasa ta, sai ta aika wa kamfanin labarin abin da ya latsa. A shafin mai sayar da takalma, wannan ba komai ba ne. A shafin asibiti kuwa, abin da aka latsa yana iya zama neman ganin likitan ƙwaƙwalwa ko gwajin ƙanjamau.

A 2022, kafar bincike ta The Markup ta duba manyan asibitoci 100 na Amurka, ta tarar 33 suna aika wa Facebook irin wannan bayani. A 2023, jaridar Observer ta gano haka a shafunan hukumomin asibiti 20 na Birtaniya. Kamfanin Meta dai ya ce ƙa'idarsa ta hana a aiko masa da bayanan lafiya. To, amma sun isa.

A ganina, matsalar ta lissafi ce kafin ta zama ta fasaha. Asibiti ya sami kayan aiki kyauta, kamfanin talla ya sami bayani, majiyyacin da ba a shawarta ba shi ke ɗaukar asarar, wadda kan iya zama mutuwar aure ko rasa aiki. Mutanen Filato sun san irin wannan ciniki: an kwashe kuza, an bar musu ramukan da suka zama tafkuna a Bukuru da kewaye. Tara ma ba ta cika tsoratarwa ba. A 2023 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci kamfanin GoodRx tarar dala miliyan 1.5 saboda miƙa wa masu talla bayanan magungunan jama'a, alhali kuɗin shigarsa na 2022 ya haura dala miliyan 760. Wane ɗan kasuwa ne wannan zai hana barci?

Nijeriya ba ta rasa doka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta riƙe sirrin majiyyaci. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shiga na shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai. A 2024 hukumar kare masu saye ta tarayya ta ci Meta tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

Inda na fi jin tsoro shi ne ƙananan asibitocin kuɗi da ɗakunan gwajin jini da kantunan magani. Mai wurin yakan ba wani matashi kwangilar gina shafi, ya biya, ya manta, bai san abin da aka dasa ciki ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Filato ta sa binciken shafi cikin sharuɗɗan sabunta lasisi, kamar yadda ake duba tsabtar ɗakin tiyata. Aikin bai wuce na yini guda ba, kuma mai asibitin ne ya kamata ya biya.