Ƙaramin aku ba kayan wasan yara ba ne

A Augie da sauran garuruwan fadamar Rima, manomi ya fi sanin tsuntsu a matsayin abokin gaba, musamman jan-baki mai cinye shinkafa tun tana gona. Amma wayar hannu ta kawo wa yara wani sabon kwaɗayi. Suna ganin wani ƙaramin aku da Turawa ke kira conure yana rawa a kafaɗar mai shi a TikTok, sai su tasa iyaye gaba a saya musu.

Uban da ke shirin aikawa Kano ko Legas a sayo masa ya dakata tukuna. Asalin wannan tsuntsu Kudancin Amurka ne, kuma idan ya samu kulawa yana iya haura shekara 20 a raye. Yaron da aka saya wa yana aji uku zai yi aure ya haihu, akun na nan yana jiran abinci. Wa zai riƙe shi idan ɗokin ya wuce bayan sati biyu?

Babban haɗarin yana cikin ɗaki. Inda ake noman shinkafa sauro ba ya ƙarewa, gida-gida ana kwana da maganin sauro na kunnawa. Hayaƙin da mutum zai shaƙa ya wayi gari da ɗan tari yana iya kashe tsuntsun da bai kai nauyin giram 150 ba, domin numfashin tsuntsaye ya fi na mutum saurin ɗaukar guba. Haka hayaƙin murhu da turaren wuta. Ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu. Kejin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano tanda ne kawai.

Abinci ma haka. Gero da gyaɗa kaɗai ba sa riƙe shi, sai an haɗa da ganye da kayan marmari. Gyaɗa mai funfuna cuta ce, ɓarin goro ko ragowar shayi kuwa guba ne gare shi. Sannan tsuntsun garke ne. Idan aka bar shi shi kaɗai yini guda, sai ya kama ihun da maƙwabta za su ji, wani har ya riƙa fige gashin kansa.

Wanda kuma aka tallata wa babban aku mai ruwan toka da jan wutsiya a madadinsa, ya sani tun taron yarjejeniyar CITES na 2016 aka haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, kuma Najeriya na cikin yarjejeniyar.