Da gaske Tesla ta fi Toyota tsada a 2020?

A Yulin 2020 aka yi ta yayata cewa Tesla ta wuce Toyota a daraja, alhali motoci kusan dubu 500 ta sayar a shekarar, Toyota kuwa sama da miliyan 9. Jama'a, kuɗin hannun jari kawai aka lissafa fa. Wanda zai sayi kamfani ɗungurungum, bashin kamfanin zai hau wuyansa, kuɗin asusu kuma ya zama nasa. Don haka sai a haɗa hannun jari da bashi, a cire tsabar kuɗi. Da wannan ma'auni, Toyota ce gaba a lokacin. Ni dai shi na fi yarda da shi, kodayake zumuɗin masu zuba jari na iya kumbura shi, tunda farashin hannun jarin na cikin lissafin.