Tauraruwar Shi'ira da ɓoyayyiyar abokiyar tafiyarta

 A wannan wata za mu ɗan fita daga madafa mu ɗaga kai sama, domin akwai wani abin kallo a samaniya wanda ya dace uwargida ta sani, ta kuma nuna wa yaranta tun kafin damar ganinsa ta yi nisa.

Idan kika fito tsakar gida bayan sallar Isha'i a lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Maris, za ki ga wasu taurari uku a jere kamar an ja musu layi. Ki bi layin nan da ido. Ta ɓangare ɗaya zai kai ki wajen Kaza da 'Ya'yanta, ta ɗaya ɓangaren kuma zai kai ki ga wata farar tauraruwa mai walƙiya ƙwarai. Wannan ita ce Shi'ira, wadda aka ambaci sunanta a aya ta 49 cikin Suratun Najmi. Turawa suna kiranta Siriyus. Duk cikin taurarin dare babu mai haskenta. Kada ki ce ai Zara ta fi ta, ita Zara duniya ce irin tamu, hasken rana take aro. Hasken Shi'ira kuwa nata ne, kuma sai ya yi tafiyar shekara 8 da wata 7 kafin ya iso idonki.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Shi'ira ba ita kaɗai ba ce. Tana da wata 'yar ƙaramar abokiyar tafiya, suna kewaya juna sau ɗaya a cikin shekara 50. A shekarar 1844 wani masanin taurari na ƙasar Jamus, Friedrich Bessel, ya lura cewa Shi'ira ba ta tafiya sak, tana ɗan rangaji kamar mai janye da wani abu mai nauyi. Sai ya ce lallai akwai abin da ke jan ta wanda ido bai gani ba. Ya rasu a 1846 bai gan shi ba. Sai ranar 31 ga Janairu, 1862, wani mai sana'ar ƙera madubin hangen nesa a Amurka, Alvan Graham Clark, yana gwajin sabon gilashi mai faɗin inci 18 da rabi, ya hango wani ɗan ɗigon haske dab da ita. Maganar Bessel ta tabbata bayan shekara 18.

Wannan 'yar ƙaramar, masana suna ce wa irinta farin wada. Girmanta bai wuce na duniyarmu ba, amma nauyinta ya kai na rana. Da za a iya ɗebo cikin cokalin shayi ɗaya daga jikinta, da ya haura tan biyar a ma'auni. Wani abin mamakin kuma, da can ita ce babba a cikin su biyun. Ta riga ta ƙone makamashinta ne, ta zubar da ɓawonta na waje, sai tsakiyar ta rage tana huci kamar garwashi, har yau kuma fuskarta ta fi ta Shi'ira zafi.

To, me ya sa ganinta yake da wuya? Da ita kaɗai ce a wani gefe na sama, ko da tabarau mai ido biyu irin na hangen nesa za a iya ganinta. Matsalar ita ce maƙwabciyarta ta fi ta haske kusan sau 10,000. Kwatanta a ajiye ɗan garwashi a gefen fitilar mota, a ce ki hango shi daga ƙarshen layinku. Ga kuma kusanci: ko a lokacin da suka fi nisa da juna, tazarar da muke gani tsakaninsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin 160 na faɗin wata ba. Sun kai ƙarshen wannan nisa ne wajajen 2022 da 2023. Tun daga nan tazarar take raguwa a hankali, kuma zuwa wajajen 2044 za su matsu sosai, har sai manyan na'urori ne za su iya raba su. Ke nan 'yan shekarun nan su ne damar mai ƙaramin madubi. Idan ta wuce, yaronki da ke firamare yanzu sai ya yi furfura kafin irinta ta dawo.

Mu kuma a nan Allah Ya ba mu sa'a. A Kano Shi'ira tana hawa sama har kusan digiri 60, alhali a Landan ba ta wuce 22 ba. Su can ta cikin iska mai kauri suke leƙenta, mu kuwa tana tsaye sosai a kanmu.

Ga abin da ake bukata. Madubin hangen nesa mai faɗin baki kamar inci 6 zuwa 8, a kuma sa masa idon da ke ƙara girman abu sau 200 ko fiye. Idan babu a gida, maigida ko babban yaronki ya tambaya wajen malamin kimiyya na makaranta, ko sashen kimiyya na jami'ar da ke kusa. A fito da madubin waje kamar minti 30 kafin a fara, domin ya saba da sanyin dare. Kada a hanga ta saman rufin kwano da ya wuni yana shan rana, saboda zafin da ke tashi daga gare shi yana sa hoto rawa. A jira ta hau can sama ta kudu, a watan Fabrairu tsakanin ƙarfe 9 zuwa 10 na dare. Daren da hazo ya yi kauri a haƙura. Daren da kika ga tana ƙyalƙyali tana sauya launi, shi ma iska ba ta kwanta ba. Daren da haskenta ya tsaya cik, shi ne naku.

A shekarun nan ƙaramar tana ta arewa maso gabas da babbar. Saboda haka idan aka bar madubin a tsaye, Shi'ira za ta riƙa silalewa tana fita daga fili, ita kuma tana biye da ita a baya. Daidai lokacin da babbar ta ɓuya a gefe, a nan ake zuba ido. Sau da yawa sai an yi dare uku ko huɗu kafin a dace, kuma ganin na 'yan daƙiƙu ne. Sannan ki ja kunnen yara sosai: ba a taɓa nuna madubin nan ga rana, nan take yake makantar da ido.

'Yar uwa, ko a gidajenmu akwai irin wannan. Za ki ga yaro ɗaya mai surutu da ƙoƙarin makaranta ya cika gida, kowa shi yake yabo, ga ƙanwarsa shiru-shiru a gefe ba wanda ya san abin da ke cikinta. Ita ma sai an keɓe mata lokacin da yayanta ba ya nan, an zauna da ita cikin natsuwa, ba sau ɗaya ba, kafin a gane baiwar da Allah Ya yi mata. Idan kin fitar da su kallon Shi'ira a bana, ki fara ba ita madubin.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.