A riƙa leƙa zaman kansiloli

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni naɗa musu shugabannin riƙo. Jama'a sun yi murna. Sai dai ko kuɗin sun iso sakatariya, ba lallai su kai ga asibitin unguwa ba idan babu mai sa ido.

Kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya ne rabon ƙananan hukumomi. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni, tashoshin mota da kwashe shara, tare da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Amma matashin da ke raba dare yana muhawara a Facebook kan Majalisar Dattawa sau da yawa bai san sunan kansilan mazaɓarsa ba, balle ranar da kansiloli ke zama kan kasafin kuɗi.

Ya kamata kowace ƙungiyar ci gaban unguwa ta wakilta mutum biyu su riƙa halartar zaman, su nemi kwafin kasafin, su gwada shi da alƙaluman rabon wata-wata da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke wallafawa, sannan su watsa abin da suka gani a zaurukan WhatsApp. Shugaban da ya san ana lissafa masa kowace kwalbati da rijiyar burtsatse zai yi tunani kafin ya rubuta aikin da ba a yi ba.