Sharhi: Daminar Matazu Daga Teku Take Tasowa

 

Duk wanda ya tashi a Matazu, Musawa ko Malumfashi ya san hadari daga gabas yake haɗowa. Amma tun kafin a ga gajimare, akwai alamar da tsofaffin manoma ke jira. Hunturu ya wuce, zafin bazara ya kai maƙura, sai wata rana iska ta juya, ta riƙa busowa daga kudu maso yamma, mai danshi, mai sa gumi ya ƙi bushewa a jiki. To, wannan iskar daga tekun Atilantika take, ta ratso ɗaruruwan kilomita daga gaɓar Legas. Ita ke ɗauko ruwan da dawa da masara da audugarmu ke sha. Shi ya sa a yau za mu yi magana kan ilimin teku, duk da cewa yawancinmu ba mu taɓa ganin teku da ido ba.

Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Rumbuna suka ƙare, shanu suka faɗi, mutanen arewa suka yi ta kwararowa kudu neman abin kai wa baki. Da aka zo neman dalili, sai aka nuna manomi da makiyayi da yatsa. A 1975 wani masanin yanayi ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan kiwo ya cinye ciyawa ƙasa ta zama fili fetal, ruwan sama raguwa yake yi. A 1977 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kira babban taro a Nairobi kan kwararowar hamada. Shekaru da dama bayan nan, tsare-tsaren gwamnatoci da na masu ba da agaji suka tafi a kan cewa talaka ne ya kori ruwa da gatarinsa da awakinsa.

Ruwa dai ba ya tsami banza, amma dalilin yana can nesa. A 1986 Chris Folland da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Ingila suka ɗauko bayanan zafin ruwan teku na shekaru masu yawa, suka jera su da bayanan ruwan saman yankin Sahel. Sai suka ga shekarun fari sun yi daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka fi ɗumi, na arewa kuwa suka yi sanyi. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka gwada abin a kwamfuta. Suka ba ta tarihin zafin teku, ba tare da sun saka mata sauyin da aka samu a gonaki da dazuzzuka ba, sai ga ta ta fito da damina mai albarka ta shekarun 1950, da farin da ya biyo baya. Masana da dama sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya arewacin Atilantika a wancan zamani.

Ga yadda abin yake. Damina tana bin inda ɗumi ya rinjaya. Idan ruwan da ke gaban gaɓar Najeriya da Ghana ya yi ɗumi fiye da kima, sau da yawa ruwan sama yakan yi zamansa a kudu, mu nan mu yi ta kallon sama. Idan arewacin tekun ne ya fi ɗumi, damina takan hauro har Maraɗi da Damagaram. Can kuma a tekun Fasifik, shekarar da ruwa ya ɗumama, abin da ake kira El Nino, galibi ruwanmu yakan ja baya. Wannan bai wanke mai sare itace ba, domin gonar da babu gawo babu ɗorawa ba ta riƙe laima. Amma ya nuna an ɗora wa talaka laifin da ya fi ƙarfinsa.

Wannan ilimi ya sauya yadda ake aiki. Tun 1997 ƙasashen Barazil, Faransa da Amurka suka girke na'urori a tsakiyar Atilantika a wani shiri mai suna PIRATA, suna auna zafin ruwa da iska dare da rana. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974 sakamakon farin, tana tara masanan yankin kowace shekara su fitar da hasashen damina. A gida kuma hukumar yanayi ta NiMet takan fitar da nata a farkon shekara: yaushe ruwan shuka zai sauka, yaushe zai ɗauke, kuma ina ake fargabar ya yi tsaiko a tsakiya. Halin da teku ke ciki na daga cikin manyan abubuwan da ake dubawa.

Wannan hasashe ba duba ba ne, ba kuma shiga hurumin Ubangiji ba ne. Allah ne mai saukar da ruwa, hasashe kuma yakan kuskure. Amma manomin da ya ji cewa damina za ta makara ba zai yi gaggawar binne iri mai tsada a ruwan farko ba. Wanda ya ji za ta yi gajarta zai nemi masara mai saurin nuna irin wadda ake samarwa a cibiyar binciken noma ta Samaru, ya kuma san lokacin da zai zuba takin da ya ci bashi ya saya.

Saboda haka kiranmu kashi biyu ne. Na farko, Najeriya tana da cibiyar binciken teku a Legas tun 1975, a 2023 kuma aka kafa ma'aikata ta musamman ta harkokin teku. 'Yan majalisarmu na arewa kada su ɗauka kasafin waɗannan wurare na mutanen kudu ne kaɗai; kuɗin da aka kashe wajen auna teku yana dawowa a buhun dawa. Na biyu, hasashen da aka ƙaddamar a Abuja ba shi da amfani idan bai iso Matazu kafin sharar gona ba. Gwamnatin jiha, hukumar raya aikin gona ta KTARDA, malaman gona, hakimai da limamai, a kai wa manomi labarin da Hausa, a kasuwa da masallaci, kuma a kan lokaci.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Mu kwana lafiya.