Fataken Kebbi a Ƙetare: Waya Na Tsallake Iyaka, Layi Na Maƙalewa

Ɗan kasuwar Jega ko dillalin albasar Aliero da ke shafe watanni a Gaya ko Malanville ba ya samun cikas da wayar da ya saya a gida, domin galibin wayoyin kasuwannin Najeriya suna karɓar layin Airtel na Nijar ko MTN na Benin nan take.

Inda gizo ke saƙar shi ne layin gida, wanda aka haɗa da lambar NIN da asusun banki. Ta nan ne saƙon shigar kuɗi da lambar sirrin tura su ke zuwa. Idan layin ya daɗe a ajiye, kamfani na iya soke shi ya sayar wa wani, saƙonnin bankin su koma hannun baƙo. Idan kuma aka ci gaba da kira da shi a ƙetare, kuɗin ya ninka.

A shekarar 2017 ECOWAS ta amince da dokar sauƙaƙa wannan kuɗi, Ghana da Kwaddibuwa suka fara aiwatar da ita a 2023. Sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ɗan Maiyama da ke fatauci a Dosso ba zai dogara da dokar ba.

Ya rage wa hukumar NCC ta ƙulla yarjejeniya kai tsaye da takwararta ta Nijar. Kafin nan, mafitar falke ita ce waya mai layi biyu, da sanya wa layin gida kati a kai a kai.