DUNIYA MAKARANTA: Wardin Daji na Duwatsun Habasha

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Habasha, mu ga wani ɗan itace mai ƙaya wanda mutanen can ke kira kega.

Shi kega wardi ne, wato ɗan'uwan furen nan da ake yin turare da shi, kuma danginsu ɗaya da tuffa. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne, duk faɗin Afirka kudu da Sahara babu wani wardi da ke tsirowa don kansa sai shi. Wani masanin tsirrai na Ingila, John Lindley, shi ya bayyana siffarsa a littafi cikin 1820.

To, ina ake samunsa? Ba ya son kwari mai zafi. Sai an hau tudu wajen mita 2,000 zuwa sama da 3,000 za a tarar da shi, a gefen kurmi, da gangaren duwatsu masu ƙarancin ruwa, da tsofaffin gonaki. Akwai shi a duwatsun Simiyen, da Eritriya, da arewacin Somaliya, har ma ya ƙetare Bahar Maliya zuwa Yaman da tsaunukan Asir na Saudiyya.

Furensa fari ne mai ƙamshi. 'Ya'yansa kuwa ƙanana ne kamar na magarya, in sun nuna sai su yi ja. Yara masu kiwo suna sha, tsuntsaye da biran nan da ake kira jelada su ma suna ci. Mutanen karkara kan yi maganin tsila da su, kuma sukan koma gare su in rumbu ya ƙare. Ƙasar da ta ɗanɗana yunwar 1973 da ta 1984 ai ba ta raina irin wannan abinci ba. Ban da haka, manoma kan yi shinge da shi, saiwoyinsa kuma suna riƙe ƙasar gangare kada ruwa ya kwashe ta.

Ga inda abin tunani yake. Habasha ta yi suna wajen sayar wa Turai furen wardi, wanda ake nomawa cikin rumfuna a bakin tafkin Ziway. Amma wannan baƙon iri ne, sai da ban ruwa da taki da magani yake rayuwa. Kega kuwa, ɗan gida, ba ya neman kome wurin kowa, sai ga shi gatari da garma da dabbobi suna ta cin dajin da yake ciki. Ranar da damina ta yi gardama, furen rumfa ba zai shiga cikin yaro ba. Kowa ya sare na dutse, guzurin wannan rana ya sare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.